Jan Rubutun da ke Gindin Daro: Hannun Mutanen Sin a Kayan Aurenmu



Bayan Babbar Sallar da ta wuce Allah Ya nufe ni da zuwa Salaga, garin da tsofaffinmu har gobe suke ce wa Salga, domin aurar da wata 'yar ƙanwata. Ranar da muka tafi jere, muna tsaka da fiffito da kaya daga kwalaye, ga kuloli, ga tangaran, ga labulaye ko ledarsu ba a cire ba, sai gwaggonmu, wadda ita ce babba a gidan a yanzu, ta aiko wata yarinya ɗauke da wani tsohon daro, ta ce lallai a nema masa wuri a ɗakin amarya. 'Yan matan da ke taya mu aiki suka kwashe da dariya, domin kuwa daron ya ga jiya ya ga yau: bakinsa ya ɓaɓɓare a wuri uku, baƙin ƙarfe ya bayyana, tsatsa ta fara cinsa. Amma tsakiyarsa tana nan fes, fara ƙal, da wasu manyan furanni zagaye da wani jan zane mai kama da tagogi biyu a jere. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san wannan daro, a cikinsa aka wanke da yawanmu muna jarirai, kuma ba mu taɓa ɗaukar jan zanen nan a bakin komai ba face ado.

Da yamma wani ɗan yayanmu, wanda ya yi shekaru yana karatun likita a ƙasar Sin, ya shigo gaishe da iyaye. Idonsa na faɗawa kan daron sai ya durƙusa ya juya shi, ya ce, "Gwaggo, ai wannan rubutu ne." Ta dube shi ta ce, "Kai ɗan nan, rubutun wa? Shekara nawa ina wanki a ciki ban ga baƙi ko wasali ba." Ya ce mata rubutun mutanen Sin ne, kuma ba a yin sa sai domin aure. Abin da ya biyo baya na hira a wannan dare shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Farin ciki biyu

A rubutun mutanen Sin akwai harafi guda da ake furtawa "shi", ma'anarsa farin ciki. Idan aka rubuta shi sau biyu kafaɗa da kafaɗa, aka haɗe su da layi, sai ya zama alamar da suke kira "shuwang shi", wato farin ciki ninki biyu, na ango da na amarya, ko na dangin nan da na dangin can. Ba a amfani da ita cikin magana ko wasiƙa ta yau da kullum. Wurinta ƙofar gidan biki, da tagar ɗakin amarya, da akwatin kayanta. Suna da wata hikaya da ke danganta asalinta ga Wang Anshi, wani babban waziri kuma marubuci da ya rayu daga 1021 zuwa 1086, wai labarin cin jarrabawar shiga aikin sarki ya iske shi ranar ɗaurin aurensa, sai ya rubuta harafin sau biyu. Hikaya ce, irin wadda kowace al'umma take yi wa al'adunta domin su zauna a zukatan yara.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ake yin ta. A al'adar ƙauyukansu ba sayenta ake yi ba. Tsofaffin mata ne suke samun jar takarda, su ninka ta gida biyu, su sake ninkawa, su bi ta da almakashi, idan aka warware sai ga alamar ta fito daidai wa daida, hagu da dama. Haka suke yanka furanni da ganyaye da tsuntsaye a manna a tagogi. Wannan sana'a ta yankan takarda ta yi nisa har Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa a shekarar 2009. Suna kuma da ƙulle-ƙullen jan igiya, wanda ake saƙa shi da zare ɗaya tilo daga farko har ƙarshe ba tare da an yanke ba, abin da suke fassarawa da zumuncin da ba ya tsinkewa. Kuɗin gudummawa kuwa ba a miƙa shi tsirara, sai an sa shi cikin jar ambulan.

Furannin da ke zagaye da rubutun a daron gwaggo su ma ba banza ba ne. Wani fure ne mai kauri da yawan ganye da suke kira "mudan", alamar wadata da daraja. Shi ne dai furen da muka saba gani a jikin tsofaffin filas na ruwan zafi da a kan tire da faranti.

Daga wajen 1960 zuwa 1980, lokacin da talauci ya yi wa mutanen Sin katutu, daro mai jan rubutu da filas suna cikin kayan da kusan kowace amarya take tafiya da su gidan miji. Shi kuma ango na wancan zamani, idan yana son a ce ya isa, sai ya kawo abin da suke kira masu juyawa uku da mai ƙara ɗaya: keken hawa, da keken ɗinki, da agogon hannu, da rediyo. Mai karatu zai yi murmushi idan ya ji sunayen da suka yi tashe a lokacin, domin a cikinsu akwai keken hawa Phoenix da keken ɗinki Butterfly, dukkansu ƙirar birnin Shanghai. Su ne dai Phoenix ɗin da ya cika hanyoyin Yendi da Bawku da buhunan hatsi a bayansa, da Butterfly ɗin da iyayenmu suke saya wa 'ya mace idan ta gama koyon ɗinki. Ashe a shekaru guda, amaryar Shanghai da amaryar zangon Yendi kusan kaya iri ɗaya suke mafarki.

Yadda daro ya iso Gwanja

Kafin mu zargi kowa da kwaikwayon baƙi, yana da kyau mu tuna cewa waɗannan garuruwa uku hanya ce ta haife su, ko kuwa hanya ce ta raya su. A ƙarni na 19 Salaga ita ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato ƙarƙashin madugu, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su biyo ta Sansanne Mango da Yendi, su sauke turkuɗi da kanwa da tozali da kayan dukanci, su ɗauki goron da aka kawo daga dazuzzukan Asante. Fataken Mosi kuma su gangaro daga arewa ta wajen Bawku da dabbobi da saƙi. Ba za a ɓoye ba, a wannan kasuwa an sayar da bayi masu yawa. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 cinikin goro ya fara kauce wa garin, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa mazaunansa zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da wasu wurare. Cikin waɗanda suka bar garin a wancan lokaci har da shahararren malami kuma mawallafi Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Zangunan da muke zaune a cikinsu yau, da Hausar da ta zama harshen kasuwa da na biki a cikinsu, gadon wannan tafiya ne.

Kayan ɗakin kakannin kakanninmu ƙwarya ne da ƙoƙo da akushi da faifai da tukunyar ƙasa, mai hali kuma ta haɗa da tasa ta tagulla. Ita kanta kalmar lefe, wadda Dagombawa da Gwanjawa musulmi suka ara daga gare mu, asalinta sunan wani ɗan kwando ne da ake saƙawa da kaba, a cikinsa ake zuba kayan da ango zai kai. Daga baya kaya suka fi ƙarfin lefe aka koma adudu, daga adudu aka koma kwalla, sai fantimoti, sai ga mu yau a zamanin jerin akwatuna masu taya. Suna bai canza ba, mazubi ne yake ta canzawa.

Kwanon fenti, wato irin su langa da fanteka da samira da kwalla da daro, kamfanonin Turawa ne suka fara shigo da shi daga Turai a zamanin mulkin mallaka. Shigowar mutanen Sin cikin harkar ta biyo bayan juyin juya halin 1949, sa'ad da masu masana'antu da dama suka bar Shanghai suka koma Hong Kong, wadda a lokacin take hannun Ingila kamar yadda Gana da Nijeriya suke. A shekarun 1950 Afirka ta Yamma ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwanon Hong Kong. Da ƙasashenmu suka sami 'yancin kai suka ɗora haraji kan kayan waje domin a yi su a gida, sai masu masana'antun suka tattaro injunansu suka biyo kasuwa. A Legas an kafa kamfanin Nigerian Enamelware a 1960 da jarin wani kamfanin Hong Kong mai suna I-Feng, iyalan Tung suka kafu a Legas, iyalan Lee kuma a Kano. A Gana ma 'yan Hong Kong sun buɗe masana'antu. Mafi shahara a cikinsu ta yadi ce, Akosombo Textiles, wadda rukunin kamfanonin Cha Chi Ming ya kafa a 1967, shi ne kuma mai masaƙar UNTL ta Kaduna da ta rufe a 2007. Ke nan atamfar ATL da uwaye suke alfahari da ita a lefe a matsayin 'yar gida, ita ma da hannun mutanen Sin a kafuwarta, tun kafin Hitarget mai araha ta zo daga can ta cika kasuwa.

Yadda ake ƙera kwanon ya bayyana dalilin da ya sa adonsu ya biyo shi. Ana matse farantin ƙarfe ya ɗauki siffar kwano, a shafe shi da garin gilashi da aka dama, a gasa a wuta mai zafin da ya kai wajen digiri 800 har gilashin ya narke ya manne. Furannin kuwa, wani falle ake hudawa da siffarsu, a ɗora a kan kwanon a fesa launi ta cikin hudojin. Wanda ya zo da injinsa daga Shanghai ya zo da irin zanen da hannunsa ya saba. Da sannu suka koyi abin da matan nan suke so, aka riƙa yin launuka da zane domin kasuwarmu, kowane yayi da sunan da mata suka laƙaba masa. Amma wasu kayan, kamar daron gwaggo, sun iso mana da rubutunsu na asali.

Wata mai bincike daga Amurka, Barbara Cooper, wadda ta yi nazarin aure a Maraɗi ta fitar da littafinta a 1997, ta nuna yadda jeren ɗaki ya zama ma'aunin darajar mace da yawan jama'arta, kuma ya zama ajiyarta da za ta iya sayarwa ranar da ta shiga matsi. Wannan gaskiya ce da kowace uwa ta sani ba sai an karanta mata ba. Kwallar da ba a taɓa zuba komai a cikinta ba, tana can saman kabad tana ƙyalli, asusu ce.

Abin da hannu yake yi

Duk da wannan ambaliya ta kayan masana'anta, ba a taɓa yin auren da babu aikin hannu a cikinsa ba. Faifan da ake rufe langa da shi saƙar hannu ne, kuma uwa takan fara tara wa 'yarta su tun yarinyar ba ta san ana yi ba. Haka tuma-ƙasa da ake yi da kwarashi domin rufe kwanon maigida, da matasan kai masu surfani, da mafici, da tabarma. Turaren wuta da humra a gida ake haɗa su. Gara kuwa, alkaki da nakiya da dubulan da cincin, kwana da kwanaki mata suke yi a bakin murhu kafin ta kammala. A Yendi da ƙauyukan Dagbon, da Daboya ta ƙasar Gwanja wadda ta yi suna wajen rini da baba, masaƙa suna nan suna fitar da ƙyallayen da ake ɗinka fugu da su, rigar da Kwame Nkrumah ya sanya daren da ya shelanta 'yancin Gana a ranar 6 ga Maris 1957, wadda kuma har yau kyauta ce ta girma ga ango ko suruki. A arewa maso gabas, tsakanin Bolgatanga da Bawku, akwai masu saƙa kwanduna da huluna na ciyawa, da dukawa masu yin tum-tum da jaka da gafaka da takalma. Kwandon Bolga ya kai Turai da Amurka, ana sayensa da tsada a can, alhali mu nan sai mu tsallake shi mu sayi na roba domin zuba kayan amarya.

A 'yan shekarun nan an sami wata sabuwar sana'ar hannu a tsakanin 'yan matan zango, wadda kayan aikinta kusan duka daga Sin suke. Ƙananan duwatsun ado na gilashi da na roba, da zaren roba mai kama da na fatsa, da ribin, da furannin yadi, da gam mai narkewa da wuta, ana saro su ne daga kasuwanni irin na Yiwu, wadda rumfunanta suka haura 70,000, da Guangzhou inda 'yan kasuwarmu suka daɗe suna zuwa. Kayan su sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema ko ta Lome, su hau mota zuwa Kumasi da kasuwar Aboabo ta Tamale, ko su bi ta Togo zuwa Cinkasse da ke bakin iyaka su shigo Bawku. Da waɗannan ne yarinya za ta zauna ta saƙa jakar amarya, ta yi wa takalmi ado, ta lulluɓe mafici da leshi da gashin tsuntsu, ta naɗe tiren goro da alawa da dabino na ɗaurin aure. Na ga wata a Yendi da ta ɗauki faifan gargajiya ta bi gefensa da jajayen duwatsu, ta rataya masa tuntu irin na ƙullin Sin da ta kwance ta koyi yadda aka yi shi. A ganina ya fi duk wani abin da aka saya a kanti kyau a ɗakin, kuma kuɗin da ta samu a kansa ya shiga adashinta.

Wannan ya sha bamban da abin da masu kwalliyar wurin biki suke yi, waɗanda za su zo da buhun fitilun takarda da balan-balan da furannin roba, a rataya na awa huɗu, a biya su kuɗin da zai sayi buhun masara, washegari yara su yi ƙwallo da su a lungu. Mutanen Sin almakashi da takarda suka gada, su suke yanka nasu. Mu kuwa mun karɓi abin da injinsu ya buga, muka bar almakashin.

Wasu abubuwan lura

Mai son ɗaukar wani abu daga adon waɗannan mutane ya kamata ya san cewa launi ba ya magana da harshe ɗaya a ko'ina. Ja a wurinsu launin murna ne, fari kuma a al'adarsu ta dā launin makoki ne. A kudancin Gana abin ya juya: a wurin Asantawa da sauran Akan, jan zane da baƙi su ne tufafin jana'iza, fari kuma na nasara da godiya. Saboda haka uwar bikin da ta lulluɓe rumfa da ja tsantsa a Bawku ko Salaga, alhali tana da baƙi daga Kumasi, kada ta yi mamaki idan ta ga suna kallon juna. A sirka shi da fari ko ruwan zinariya.

Na biyu, zanen masu rai. Kayan aurensu na gargajiya cike suke da hoton wani macijin almara da wata tsuntsuwar almara, alamar ango da amarya, da agwagin ruwa biyu da suke cewa ba sa rabuwa. Malamanmu da dama ba sa son a kafa irin waɗannan a bango, kuma na lura iyayenmu tun dā idan suna zaɓen kwano, mai fure suke ɗauka. A nan muna da abin koyi a cikin ƙasar Sin ɗin kanta, domin akwai musulmi a can tun ƙarnonin farko na Musulunci, masallacin Huaisheng na Guangzhou yana cikin mafiya daɗewa a duniya, kuma ƙabilar Hui kaɗai ta haura mutum miliyan 11 a ƙidayar 2020. Adonsu ya fi karkata ga fure da ganye da rubutun Larabci, wanda suke ja da salon alƙalaminsu har ya zama wani nau'in rubutu na musamman da ake kira Sini. Haji Noor Deen Mi Guangjiang, wanda aka haifa a 1963, ya yi suna a duniya da wannan rubutu. Tun zamanin sarki Zhengde, daga 1506 zuwa 1521, ake yin tangaran mai rubutun Larabci a can. Sai dai ina roƙon 'yan matanmu masu wannan sana'a, kada a sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a kan takardar ado ko ledar rabon kyauta, domin kowa ya san inda waɗannan suke kwana bayan an watse.

Akwai kuma camfe-camfensu, wanda sani kawai ya ishe mu. Ba sa ba da kyautar agogon bango, domin furucinsa ya yi kama da na rakiyar gawa, ba sa ba ma'aurata laima domin sunanta ya yi kama da kalmar rabuwa. Suna watsa dabino da gyaɗa a gadon amarya saboda sunayensu idan an jera suna kama da fatan haihuwa da wuri. Ɗan kasuwar da ke da abokin hulɗa a can, idan aka gayyace shi biki, ya bar agogo a gida ya nemi jar ambulan. Ita wannan ambulan ma na so a ce mun ara, domin ta fi sutura a kan yadda ake shelar gudummawa da lasifika, a faɗi sunan mai bayarwa da adadi, wadda ba ta da shi ta rasa inda za ta sa kanta.

Nauyin da ke kan uwa

Ga inda maganar take da zafi. A shari'a sadaki haƙƙin amarya ne, kuma wurin zama da abin bukata suna kan miji. Kayan ɗaki al'ada ce, kyakkyawa a asalinta, uwa tana yi wa 'yarta guzuri. Littattafan tarihi sun ambaci abin da aka kai Nana Faɗima (RA) ɗakinta da shi, bai wuce mayafi da salkar ruwa da matashin fata da dutsen niƙa da makamantansu ba, dukkansu aikin hannu. Yau kuwa a zangunanmu ana ɗaga ranar aure sau biyu sau uku domin ba a gama haɗa kabad da kujeru da jerin kuloli ba. Na san uwar da ta ci adashi uku a lokaci guda, aka kai amarya, aka yi guɗa, ita kuwa ta shekara biyu tana biyan bashi da kuɗin kokon da take sayarwa da asuba. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a zangon Kumasi sannan a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda ribar tallan 'yan mata take tafiya wajen tara kayan ɗaki. Har yanzu akwai yarinyar da ake cirewa daga makaranta saboda haka. A Kano nauyin ya kai gwamnati ta shiga aurar da mata tare da yi musu kayan ɗaki tun daga 2012, a watan Oktoba na 2023 ma an ɗaura aure 1,800 a rana ɗaya. A Salaga da Yendi babu mai yi mana wannan.

Arahar kayan Sin, wadda ya kamata ta rage wa uwa nauyi, sai ta ƙara shi ta wata fuska, domin da abu ya yi araha sai a ninka adadin da ake tsammani. Inda dā ake kai samira jeri biyu, yanzu sai a ce kuloli jeri shida. Kuma kular roba ba asusu ba ce. Kwallar kakanninmu ana iya sayar da ita bayan shekara 20, roba kuwa da ta tsage ta tashi aiki.

A Bawku, inda rikicin sarauta ya sake tashi tun ƙarshen 2021, aka yi ta sanya dokar hana fita, 'yan kasuwa da yawa suka ƙaura, iyalai da dama sun koma yin biki da rana tsaka cikin gida, a taƙaice, da abin da ya sawwaƙa. Allah Ya kawo wa garin zaman lafiya mai ɗorewa. Wata 'yar'uwa da ta aurar da 'yarta a cikin wannan hali ta gaya mini cewa da babu halin ɗauko masu kwalliya, ƙawayen amarya ne suka taru kwana uku suka yi komai da hannunsu, da takarda mai launi da ragowar yadi daga wurin tela. Ta ce abin da ta kashe bai kai rabin na auren babbar 'yarta ba, kuma amaryar har yanzu tana ajiye da furannin a cikin akwati.

Shawarar da zan ba ƙungiyoyin matanmu na unguwa da makarantun Islamiyya ita ce a sanya irin wannan koyo cikin darussan ranar Asabar da Lahadi: saƙar faifai daga bakin tsofaffin da suka rage, da kwarashi, da aikin duwatsu, da yankan takarda. Na gwada yankan da kaina bayan na dawo, da takardar da yara suke rufe littafi da ita. Na ɓata falle huɗu, a na biyar alamar ta fito, ɓangare ɗaya ya ɗan fi ɗaya kauri.

Daron gwaggo kuwa, bayan ɗan yayanmu ya gama bayani, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce mahaifiyarta ce ta sayo mata shi a Kumasi shekarar da za a yi mata aure, kuma a cikinsa aka kai nakiyar gararta. Ta ce, "To ashe ita ma ba ta yi kuskure ba." Washegari da kanta ta tako zuwa ɗakin amarya da sandarta, ta sa aka goge daron da toka, aka shafa wa wuraren da suka ɓare man gyaɗa domin tsatsa, aka cika shi da nakiya. Ta ciro wani faifai daga ƙarƙashin mayafinta, wanda ta ce ta fara saƙa shi tun watan azumi idonta yana hana ta sauri, ta rufe. Aka sauke kula biyu daga saman kabad aka ɗora shi a wurinsu.